Yadda Umma Ta Koma Cin Tuwo

Shekarar da likita ya ce mahaifiyarmu tana da ciwon sukari ita ce shekarar da wayar shafa ta gama shiga hannun matan unguwarmu ta Koki. Haɗuwar abubuwan nan biyu ce ta kusa kayar mana da Umma, ba ciwon kansa ba.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ce sarauniyar tura bidiyo. Kullum da safe sai wayar Umma ta yi ƙara. Yau wani mai farar riga ya ce shinkafa guba ce, gobe wani ya ce tuwo yana toshe jijiya, jibi wata ta rantse ko wake bai tsira ba. Duk abin da aka ambata kuwa, Umma ta yi sallama da shi ke nan. Kafin a jima ta koma daga dafaffen kabeji sai ruwan ɗumi, ga maganin asibiti tana sha a kan cikin da babu komai. Ta rame har zane yana neman zagaye ta sau biyu, in ta miƙe jiri ya ɗebe ta. Na tsorata ƙwarai, don ina ganin yunwa za ta yi mana abin da sukarin bai yi ba.

Na yi magana har bakina ya gaji.

"Ke malamar firamare ce, ba likita ba," in ji ta. "Wancan kuwa da idona na gan shi da abin awo a wuya. Gani ya kori ji."

Na ce a raina, to shi ke nan, tunda gani take so, za ta gani.

Sai na shiga farautar bidiyo. Data ta sha wuya a hannuna. In na tashi daga makaranta sai in zauna a zaure, inda waya ta fi kamawa, in yi ta kallo. A hankali na gane 'yan talla: za su tsorata ka da komai, can ƙarshe sai ga kwalba da lambar waya. Na kirkin ba sa ihu, ba sa sayar da komai, zane suke yi su nuna maka cikin mutum dalla-dalla. Na tara wasu na kai wa nas ɗin da ke duba Umma. Ta kalla tana cin gyaɗa a lokacin hutunta, ta watsar da wasu, ta ce ga biyu nan, ko ita da haka aka koya mata.

Matsalar ita ce duka biyun da Turanci suke, Turancin Umma kuwa bai wuce na gaisuwa ba. Na zauna ina fassara mata cikin natsuwa kamar ina gaban allo. Ban kai rabi ba na ji minshari.

Washegari dabara ta faɗo mini. Umma ba ta da abin so kamar fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, irin wanda mutum ɗaya yake yin muryar jarumi da ta mugu da ta uwar jarumi. Na jingina wayar a jikin turmi, na kashe sautin, na gyara murya.

"Jama'a, ga Sukari nan ya fito daga tumbi, ya shiga lungunan jini yana neman masauki! Ga kuma dattijo Insulin, mai riƙe da makullan ƙofofin unguwa. Buɗe, Baba, buɗe, baƙi sun iso!"

Umma ta gyara zama. Na nuna mata yadda dattijon ya gaji, in baƙin suka zo masa a lokaci guda sai su cika lungu, a rasa hanyar wucewa.

"Allah sarki, bawan Allah," ta ce. "Ashe baƙin ba mugaye ba ne, yawa suke yi masa."

Na ji kamar in yi guɗa. Kafin la'asar labari ya kai wa Gwaggo, ta zo da mayafi a karkace da niyyar ƙaryata ni. Maƙwabta ma suka shigo, tsakar gida ta cika. Da aka zo wurin hanji, Gwaggo ta dafe cikinta ta ce, "Duk wannan igiyar a jikina take? Ni da nake cewa ba ni da ajiya!" Dariya har da masu faɗuwa. Sau nawa aka sa ni maimaitawa, ban sani ba, muryata dai ta dishe.

Bidiyo na biyu a kan faranti yake: rabi ganye, gefe guda wake ko kifi, tuwo kuma kamar dunƙulen hannun mai ci. Umma ta dunƙule hannunta ta daɗe tana kallo. Ita 'yar ƙarama ce, hannun nata kamar na yarinya.

"Da hannun kowa ake awon?" ta tambaya.

"Da naki, Umma."

Ta juya ta kalli Gwaggo, wadda Allah ya hore wa jiki. "Gwaggon yara, ke kika jawo mini wannan wahala. Ara mini hannunki."

Bayan magariba na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, na kwaɗa zogale a gefe. Na mulmula mata daidai hannunta, na ƙara ɗan kaɗan saboda Gwaggo tana harara ta. Umma ta wanke hannu, ta yi bismillah, ta kai loma. Duk cikinmu ba mai ci, ita muke kallo. Ta kai ta biyu, sai ta yamutsa fuska.

"Wa ya kaɗa miyar nan? Aron daddawar kuka yi ne, kuke tsoron ta ƙare?"

Ni na kaɗa ta. Tunda nake ba a taɓa yi mini faɗan da ya yi mini daɗi irin wannan ba. Na sunkuyar da kai ina dariya, hawaye yana ɗiga a kwanona, ita kuwa tana ta lissafa laifuffukan miyar tana kai loma.