Baba Toma da Fuskar da Aka Shafe

Da zarar damina ta ɗauke, Baba Toma zai ɗaure tsani a kekensa, ya rataya gwangwanayen fenti, ya nufi tsohon dandalin wasan kwaikwayo na unguwarmu. A jikin katangar akwai fuskar marigayi Malam Mika'ilu Ɗanlarai, marubucin wasannin da suka sa iyayenmu dariya har da hawaye. Malam bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Toma, mai yi wa 'yan wasan zanen labule, shi ya zana shi da ka bayan rasuwarsa, kuma duk shekara yana sabunta abin da ruwa ya wanke. Ba wanda ya sa shi.

Bana sai ga masu fasaha da jaka a kafaɗa, wai za su sake fassara fuskar Malam. Wani ya yi shi kore shar. Wani ya ba shi ido uku, wai hangen nesa. Wata hula kawai ta zana, ta ce rashin fuskar shi ne saƙon. Ni da ban yi jami'a ba, na ɗauka fenti ne ya ƙare mata.

Su yi ta yi mana, katanga ba ta ƙare a Bauchi ba. Amma don su rataya shirmensu, sai suka sa aka shafe zanen Toma da farin fenti, wai ya tsufa. Ko a gaya masa. Sauda, autar Malam, ta zo bikin buɗe zane-zanen da 'ya'yanta, ta zaga kaf, ta fito tana tambayar ina aka kai babanta.

Baba Toma kuwa tsufa ya riga ya kama shi. Hannunsa ya soma rawa, ido ɗaya ya yi yana, kuma fuskar a kansa kaɗai ta rage. Ya kankare bangon shagonsa a unguwar Ɗan Iya, ya shiga sake zana fuskar. Maƙwabta sun ga yana tallafe hannun dama da na hagu. Da ya gama, ya aika aka kira Sauda.

Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Baba Toma, kunnen ya karkace."

Ya ce, "Haka Allah ya yi shi, 'yata."

Ta yi dariya, sai kuka.

Kai ne mai riƙon amanar da ba a ba ka ba, Baba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu jaka, ku ajiye ta, ku je ku durƙusa ku koya, tun hannun nan yana ɗaguwa.