Hoton da Aka Ɗauka a Gonata

Ƙanin mijina ya ci amanata, kuma har yau ban yafe ba. Masu cewa in bar wa Allah, na ji su. Na bar wa Allah nasa, nawa kuwa na riƙe.

Gona ce ubana ya bar min gado a gabas da ƙauyenmu, can bayan Tofa, gamba ta kewaye ta, da ɗorawa guda a tsakiya wadda tsawa ta taɓa tsage wa reshe. Shekarar da mijina ya rasu, ina cikin takaba, ma'aikatan wata ƙungiya suka zo rubuta gonaki don rabon taki da iri. Mai takaba ba ta yawon gona da baƙi, sai ƙanin mijina ya ce zai raka su a madadina. Har fura na dama masa ta godiya.

Damina biyu ana rabo, ni ko mudu. Na tare shi a zaure gaban mutane. Ya ce, "Matar Yaya, kwamfuta ce ta ƙi ki, ba ni ba. Ai na ji kin shiga makaranta da furfurarki, je ki tambaye ta da Turanci." Aka kwashe da dariya. Wai wasan ƙanin miji ne, ba a fushi da shi. Ni kuwa ba takin ne ya dame ni ba. A wurinmu da gona ke gogar gona, duk wanda takarda ta ce shi ke noma wuri, wata rana 'ya'yansa za su ce na ubansu ne.

Gaskiya ya faɗa, da furfurata na shiga yaƙi da jahilci, daga nan na zarce ajin kwamfuta na mata a Bici, duk Asabar. Na kwashe komai na gaya wa malamarmu. Ta bincika, ta gano ƙungiyar ta zuba katunan manoma a shafinta na intanet, a buɗe, don kowa ya duba nasa. Amma wane irin dubawa! Farin shafi ne, lambobi jere kamar kunyoyin gero, ɗaruruwa, babu suna ko ɗaya. Sai ka danna lamba, ka jira, sannan kati ya fito da hoton mai gona tsaye a gonarsa. Na danna lambobi goma sha biyu, sabis ya ɗauke sau uku, yatsana ya ƙage.

Malama ta ce, "Inna, a haka sai kaka ta zo ba ki gama ba. Aikenta za mu yi."

"Wa za mu aika?"

"Ita kwamfutar. Ba ke kike aiken mutane kasuwa ba? Ki faɗa mata dalla-dalla, ita ba ta mantuwa, ba ta tsayawa gulma a hanya."

Ta buɗe min wani baƙin allo, tana faɗa ina bugawa da yatsa ɗaya. Layi biyar ne kacal, ma'anarsu: fara daga lambar farko, sauke katin, ajiye shi a wuri guda, wuce ta gaba, in sabis ya yanke ki ci gaba daga inda kika tsaya. Na danna. Katuna suka fara zubowa kamar an kwance bakin buhu, can sai komai ya tsaya cak. Malama ta yi dariya ta ce mun yi zari, shafin ƙungiyar ya rufe mana ƙofa.

"Rijiyar maƙwabta ce, Inna. Guga ɗaya, ki numfasa, sannan wani."

Na ƙara layi na shida, wanda ke sa ta dakata kaɗan bayan kowane kati. Muka yi sallar azahar, muka ci rogo da ƙuli, kafin la'asar kwamfutar ta gama.

Ban karanta sunaye ba, hotuna na riƙa bi. Ɗorawata na fara gani da tsagaggen reshenta, sannan shi ƙanin mijina, tsaye a gindinta da hularsa a karkace, yana murmushi. Sunansa ne a ƙasa. Na ci gaba da bi don zuciyata ta ƙi sanyi, sai ga shi kuma a wata gonar, ga shi a wata, ga shi a wata. Duka ukun na san su: ta gwaggonsa makauniya, da ta mata biyu da mazansu ke ci-rani a Kudu.

Malama ta ce, "Ki bi a hankali, ɗan'uwa ne."

Na ce, "Shi ya bi a hankali? Buga min kowanne biyu-biyu."

A mota na dawo da takardun a ƙirjina, cikin hijabi. Na same shi a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa, ya ce, "Yaya Turanci, Matar Yaya?" Na ce lafiya lau, har na tambaye shi iyali.

Washegari da hantsi na bi gidajen matan nan uku, na damƙa wa kowacce nata, gwaggon kuwa na karanta mata da bakina, baƙi bayan baƙi. Sannan na riƙo hannunta, mu huɗu muka nufi ƙofar mai gari, na sa aka yi mana sallama da shi.