Maratayin Bindigar Tsoho

Aikina a Madina ɗinkin buhu ne da ɗaurin kwali, a wani shagon shahan da ke Sultana, wato inda ake aika kaya gida. Alhazai su kawo dabino da darduma, mazauna su kawo keken ɗinki da tsohon firji, ni kuwa in buɗe, in duba, in auna, in ɗinke. Buɗewar nan ita ta jawo mini baƙin jini. Mu mutanenmu, saƙon da aka ɗinke amana ne, wanda ya farke shi kamar ya ce wa mai shi maƙaryaci. Kamfanonin jirgi kuwa ba ruwansu da kunyarmu. Ba sa ɗaukar bindiga, ba sa ɗaukar harsashi ko albarushi, ko guntun ƙarfen jikinta ba sa so. Har bindigar roba, wadda kowane alhaji yake ganin hajjinsa bai cika ba in bai kai wa jikansa ita ba, zare ta nake yi ana hararata.

Wani hantsi wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ɗanta na biye da ita ya rungumo wani dogon ƙunshi. Irin mutanen nan ne da iyayensu suka zo da ƙafa tun zamanin da, suka zauna har suka zama 'yan ƙasa. Hausarta tsohuwa ce mai daɗi, ta sha Larabci. Ɗan kuwa, da furfurarsa a gemu, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa.

"Darduma ce, ya waladi," in ji ta. "Na ɗinke ta da hannuna. Ka auna kawai."

Na ɗaga. Na daɗe ina ɗaukar darduma, ban taɓa jin wadda ta fi nauyi ta gefe guda ba. Na ɗauko reza.

"Aib! Abin kunya!" Ta buga sandarta a ƙasa. "Ni za ka buɗe wa kaya? Na yi jika da kai!"

"Hajiya, ki gafarce ni. Ko uwata ce sai na buɗe."

Na farke ɗinkin, ina jin idonta a ƙeyata. Cikin dardumar akwai tsohon bargo, cikin bargon kuma doguwar bindigar toka ce kwance, ta yi baƙi ƙirin, da ƙahon albarushi da maratayin jar fata. Iƙamata na fara tunawa, wato takardar izinin zamana a ƙasar. Da ta wuce ni ta kai na'urar haska kaya, da ni da mai shago da ɗan nata duk sai mun yi bayanin da ba mu shirya ba. Tunda tsohuwa ba a yi mata faɗa, sai na juye wa ɗan. Ya ɗaga hannu sama yana rantsuwa da Larabci cewa bai san abin da ya ɗauko ba, kuma na yarda da shi, don ya fi ni tsorata.

Hajiya ta nemi kujera ta zauna. Ta ce ta babanta ce. Maharbi ne, ɗan gidan maharba a wani ƙauye kusa da iyakar Nijar, da ita ya ciyar da kansa a hanyar gabas. Yadda ya shigo da ita, Allah kaɗai ya sani. Da zai rasu ya riƙe hannunta ya ce kayan gidansu ne, a mayar. Ta amsa masa da to.

"'Yan'uwana duk sun tafi, ni kaɗai na rage," ta ce. "In na same shi can, me zan ce masa?"

Ta roƙe ni in wargaza bindigar in cusa cikin dabino. Na ce ko ƙusarta ba za ta hau jirgi ba, mamnu'i ne, doka ta hana, ta sama da ta ruwa duka. Ta dube ni ta ce ba ta taɓa ganin Bahaushe mai busasshiyar zuciya irina ba. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Da za su fita na ja ɗan gefe na ce ya je ofishin da ke kula da makamai, ya faɗi gaskiya cewa tsohuwar gado ce. Ya je, ya sha zirga-zirga, daga baya aka ba shi takarda, bindiga ta samu zama a gida da izini. Shi hankalinsa ya kwanta, amma alkawarin Hajiya yana nan inda yake.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ina da taurin kai, kuma ba na son a kira ni da sunan da ba nawa ba. Amfanin shagon shahan shi ne babu garin da mutuminsa ba ya biyowa ta gabanka. Duk wanda ya kawo kaya sai in tambaye shi ko ya san ƙauyen. Aka yi ta ce mini a'a, har wani direban motar ruwa daga Al-Azizya ya ce ai matarsa 'yar can ce, kuma gidan maharba yana nan, akwai wani tsoho da ya rage. Ya samo mini lambar jikansa.

Na tafi gidan Hajiya a Bani Harisa bayan la'asar. Ta amsa gaisuwata a daƙile, ko shayi ba ta ce a kawo ba. Na buga waya ta bidiyo, sai ga tsoho a gindin bango, ido ya shige ciki. Aka jero sunayen iyaye da kakanni, ashe ɗan ƙanin babanta ne. Suka yi kuka, suka yi dariya, sannan ta sa aka ɗauko bindigar tana ba shi haƙuri, wai wani yaro marar kunya ya hana ta tafiya.

Tsohon ya matso da fuskarsa. "Juya ta," ya ce mini. "Ba bakin ba, ɗan nan, ƙasa. Tsaya nan!"

Maratayin yake kallo.

"Yaya, bindiga me za mu yi da ita? Muna da su, maƙeri na nan. Wannan fatar ita ce gidan. Bindiga ta tsufa a sake wata, maratayin nan kuwa shi ake ɗaura wa duk wanda ya gaji gidanmu, tun kakan kakanmu. Babanki ne babba, shi ya tafi da shi. Ubana ya mutu yana cigiyarsa. Ni kaina da igiya nake rataye tawa."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Hajiya, fata ai tana hawa jirgi!" Na faɗa da ƙarfi har ɗanta ya leƙo daga ɗaki.

Washegari ta zo shago da kanta. Mun riga mun kwance maratayin, na goge shi tas don kada ƙurar albarushi ta saura a jiki, ƙahon kuwa na ce ya zauna tare da bindiga. Ta ajiye ƙunshin a kan sikeli ba ɗinki, ta warware shi da hannunta.

"Duba da kyau, sarkin bincike," ta ce. "Kada ka ce na ɓoye igwa."

Na rubuta abin da yake, tsohon maratayin fata, na sa basilla na ɗinke. Ban taɓa yin ɗinkin da na ji daɗinsa kamar wannan ba. Ya wuce na'ura ba wanda ya ko ɗaga kai.

Ranar Babbar Sallah ɗan ya zo ya ɗauke ni a motarsa, wai umarnin Hajiya ne. Wannan karon shayi ya zo, da nama, da dabinon da ba a ba kowa. Aka kira ƙauye. Maharba sun taru a fili, tsohon yana tsakiya da bindigarsa, jar fatar ta ratsa ƙirjinsa. Ya kira sunan baban Hajiya, ya yi masa kirarin gidansu, ya ɗaga baki sama ya saki. Hayaƙi ya rufe wayar gaba ɗaya.

Hajiya ta rangaɗa guɗa, irin wadda ban zaci akwai sauranta a wannan ƙirjin ba. Jikokinta da ba su taɓa jin ta yi ba suka fito a guje suna tambaya da Larabci me ya faru. Ba ta kula su ba. Ta juya wajen bangon da aka rataye bindigar, ta share ido da gefen mayafi.

"Baba, na mayar," ta ce.

Sannan ta tura mini farantin naman gabana, ta ce in ci, in daina kallonta.