Hular wannan yaron

Shekarar da aka yaye ɗana na fari ita ce shekarar da saƙar kwarashi ta shigo unguwarmu a Madarumfa, tun gyaɗa tana tashe, kafin babban farin nan. Matar mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ita ce ta zo da abin daga Maraɗi. Kun san ni da kunne, ta kan katanga na jiyo 'yan mata suna ta dariya a gidanta, sai na ɗauki koko na ce gishiri zan roƙo. Ban dawo ba sai la'asar.

Kwarashinta guda ne, na kanti, ba ta ba da aro. Mu kuwa ƙarfen tsohuwar laima muka kai wa maƙeri ya yanyanka, ya lanƙwasa bakin. Zare kuma, tsofaffin rigunan sanyi da ake kawowa daga Jibiya muke warwarewa, mu jiƙa, mu naɗe jikin kwalba har ya miƙe. 'Yan mata suna saƙa marfin kwano da shimfiɗar rediyo don jeren ɗaki. Wata har ta saƙa wa tulu riga, muka yi ta yi mata tsiya.

Ni gidana shiru yake lokacin. Maigidan ya tafi cin rani Najeriya tun da aka gama ɗaurin hatsi. Yaron kuma Inna, mahaifiyata, ta zo ta ɗauke shi yaye zuwa Gabi, daga yaye ya zama zama. Ba a tambaye ni ba, ko da an tambaye ni ma me zan ce? Ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa gaban mutane, in an yi zancensa sai in sunkuyar da kai. Ranar da suka tafi ina bakin turmi, na ci gaba da daka har jakin da suka hau ya sha kwana. Daga nan ni da kaji muka rage. Ni mai surutu, har da su nake hira.

Hula na fara, ja da fari. Matar mushe ta leƙo ta ce, "Wannan 'yar mitsitsiyar ta wa ce?"

Na ce, "Koyo dai nake."

Wata budurwa mai bakin tsiya ta ce, "Koyo da awon kai? Yaya, faɗa mana sunan mai hular mu ji!" Suka kwashe da dariya. Na ce allurarta ta zame, ta kula da nata aikin.

Awon kuwa daga tafin hannuna na ɗauko shi, yadda na san kansa yana cika mini shi in ina yi masa wanka a bayan ɗaki. Ban kawo wa raina cewa yaro girma yake yi ko uwarsa ba ta gani ba. In sanyin tabkin garinmu ya taso da asuba, kunnuwansa kawai nake tunawa.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai kai busasshen kifi kasuwar Gabi. Na ƙunshe hular a tsumma na kai mata. Na ce, "Gwaggo, ki ba Inna. Ko akwai wani yaro a gidan da zai so."

Ta ce, "Wane yaro? Gidan nan yara sun fi kaji yawa."

Na ce, "Kowanne."

Ta kalle ni, ta taɓe baki, ta cusa ƙunshin cikin kwando. "Kunyar nan taku ita za ta kashe ku."

Sai da aka yi suna a danginmu na sami hanyar zuwa Gabi. Ina shiga gida idona ya sauka kan hulata, a kan jaririn matar wana, yana barci a goye. Na yi gaisuwa, na sha ruwa, na yaba ƙibar jariri. Matar wana ta ce, "Kin ga ta yi masa kyau. Inna ta gwada wa na wajenki, ko rabin kai ba ta shiga ba." Na ce ai dama ba tasa ba ce.

Can sai ga shi ya shigo da gudu, ƙafa duk toka, ya yi tsawo har na kusa ban gane shi ba. Ya laɓe bayan Inna yana leƙena. Inna ta ce, "Ba ka gaida Yaya?" Haka aka koya masa ya kira ni. Ya ce, "Yaya, ina wuni," ya ruga waje. Na juya ina gyara ɗankwali.

Washegari da hantsi, mata sun tafi rijiya, Inna ta kamo shi ta zaunar a gabana. Ta ce, "Ke, idona ya mutu. Duba mini kan yaron nan, susa yake ta yi, ko kwarkwata ce." Ta shige madafa, ta daɗe tana ƙarar da tukwane alhali an gama abinci.

Kansa a aske yake ƙwal, ba inda kwarkwata za ta ɓuya. Na dafa shi da hannu biyu. Yana da ɗumi, yana ƙanshin hayaƙi da man gyaɗa. Na zaro zare daga bakin zanena, na zagaya kansa ta saman kunnuwa, na ƙulle.

Ya ce, "Yaya, kin gani?"

Na ce, "Tsaya tukuna, ban gama dubawa ba." Na riƙe shi har muka jiyo muryoyin mata a ƙofar gida.

Ta biyun shuɗiya na yi, na ƙara mata 'yan kunnuwa. Da na kai wa Gwaggo mai kifi, ta ce, "Ita ma kowanne?" Na miƙa mata ƙunshin. Ta ce, "To, na ji."

Ban taɓa ganin ta a kansa ba. Gwaggo ce ta ba ni labari, wai ko da zafi ya shigo ya ƙi cirewa, sai an yi kokawa ake yi masa wanka. Wai ya tambayi wanda ya yi ta, Inna ta ce Yayarsa ta Madarumfa. Na sa ta maimaita mini labarin har ta gaji, ta ce kifinta na jiranta. Na koma gida, na watsa wa kaji tsaki, na zauna na faɗa musu.