Buhun Kashin Doki a But ɗin Motata

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar maigidana, Baban Amira, kuma har yanzu idan Satumba ta kama, hankalina ba gida yake ba, yana kan bishiyoyin tuffa uku da ya bari a ɗan filin noman da kansul, wato ƙaramar hukuma, ta ba mu haya a unguwar Catford ta London.

Malamin kimiyyar ƙasa ne tun muna Zariya. Ni kuwa nas ce, abin da na sani game da ƙasa shi ne a wanke ta daga hannu. Faɗanmu ɗaya ne: duk kaka sai ya je wani gidan dawakai a bayan gari ya ciko buhuna da kashin doki, ya loda a but ɗin motata. Nakan ce, "Haba Malam, mun zo har London mu dinga jigilar kashi? Takin zamani ga shi a kanti, fes a leda!" Sai ya yi dariya ya ce ai a nan Turawa kashin suke ɗauka abin zamani, wanda muke kira na zamani shi ne tsohon yayi.

Ba wai ya tsani na kantin ba. Yakan barbaɗa cikin hannu guda a watan Maris. Cewarsa, takin zamani shayi ne, yana wartsakar da bishiya, amma takin gida shi ne tuwo. Kafin ya zuba komai sai ya tona ƙasa da yatsu yana neman tana. Ya ce min, "Hajiya, in dai tana tana nan, ƙasa na da rai." Na ɗauka wasa da harshe ne kawai irin nasa.

A asibiti abu ɗaya ya roƙe ni, kada in bar filin ya koma hannun wani. Na yi alkawari. Sai na yi abin da kowace 'yar manomin masara za ta yi: na sayo takin zamani na zuba ninki biyu, wai don in nuna ƙauna. Bishiyoyin suka yi ganye shar, har maƙwabta na yabawa. Amma tuffa ta ragu, wadda ta fito ma ɗigo-ɗigon baƙi ne a jikinta, ga ɗaci. A shekara ta uku na tona ƙasa, ta yi tauri kamar daɓe, ko tana ɗaya ban gani ba. Na zauna a gindin ɗaya daga cikin bishiyoyin na yi kuka, domin a ranar na ji kamar na sake rasa shi. Amira ta ce, "Mama, ki yi give up kawai, mutane na jira a waiting list su karɓi filin." Saura kaɗan in sa hannu a takardar sallama filin.

Maimakon haka na kama hanyar gidan dawakan. Shekara huɗu ina shimfiɗa ruɓaɓɓen taki da ganye, na kanti kuwa cikin hannu guda, ba ƙari. Da yana raye ya ga yadda yau ake sayar da kashin doki a leda mai ado, na san sai ya tsokane ni mako guda. Ni kuwa da na ba shi haƙuri, don ya fi ni gaskiya, ya kuma fi ni haƙuri.

Bana na tona, tana huɗu suka fito a tafina. Rassan har sai da na tokare su da sanda saboda nauyin tuffa. Bai bar littafi ba, ƙasa mai rai ya bari, da mace guda da ta koyi sa hannu a cikinta. Allah Ya jiƙan ka, Malam. But ɗin motata na wari, kuma na hana Amira ta kai ta wanki.