Masa Ta Kori Kebul a Hanyar Kuru

Gara in faɗa da bakina kafin Yaya ya riga ni: ni na cire kebul daga jakar aiki na sa ledar masa a gurbinsa. Wani shuɗi ne mai faɗi, wanda ake jona laftop da rauta, akwatin da ke raba intanet. Na ajiye shi a taga da niyyar cusa shi a aljihu, ƙamshin yaji ya ɗauke min hankali.

Mun tashi da asuba daga Gangare, sanyi kamar an buɗe mana firij a fuska. Wata makaranta ce a Kuru rautarta ta rikice, aka kira Yaya ya gyara. Tun a keke ya maimaita min sharaɗinsa, wai in na ƙara yin shirme ɗaya, sauran hutuna a shagon ɗinkin Baba zan ƙare shi ina guga.

A bas ɗin Bukuru mutum huɗu aka jera a kujerar mutum uku, ni na zauna da rabin ɗuwawu. Wata mama ta ɗora min kwandon kabeji a cinya, ta kwashe hanya tana rigima da kwandasta kan canjinta. Bayan Bukuru gari ya buɗe, ga duwatsu an ɗora wani kan wani, ga tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa, ga buhunan dankali a bakin titi. Na ci masa biyar.

Da muka isa, shugabar makarantar ta kai mu ɗakin kwamfuta. Yaya ya zazzage jaka sau biyu, sannan ya dubi ledar masa, ya dube ni. Na rantse har na ji ƙaurin dutsen guga.

Na ce a ba ni guntun kebul na yau da kullum, zan haɗa wani. Shugabar ta ce, "Oga, wannan yaro naka zai iya kuwa?" Yaya ya ce mu gani. Ƙaramin soket mai rami tara da ake maƙala wa laftop yana jaka, kawunan roba da ake matsewa a bakin kebul kuma uku kacal suka rage.

Na fere wayar, na jera siraran wayoyi takwas ɗin, na matse kai biyu da filaya. Aka jona, sikirin ya yi baƙi ƙirin. Ashe jeri ɗaya na yi wa ɓangarorin biyu. Wannan kebul kuwa juya shi ake yi, launin da ya zo farko a wannan kai shi ne na ƙarshe a wancan. Saura kai ɗaya. Na yanke ɓangare ɗaya, na sake jerawa daga baya zuwa gaba, na duba sau goma, na matse.

Yaya ya danna maɓalli, rubutu ya zubo a sikirin. Na miƙe ina gyara kwala kamar ni na ƙirƙiro intanet ɗin. Shugabar ta kawo mana gwate da zafinsa, ta ce a ƙara wa ƙaramin injiniya cokali.

Mun dawo gida bayan la'asar, na koyi cewa kayan aiki ake fara sawa a jaka kafin abinci. Shuɗin kebul kuwa mun tarar Inna ta ɗaure ƙofar akurkin kaji da shi. Ranar Litinin Yaya ya tashe ni muka tafi aiki, nawa kebul ɗin yana cikin jakarsa.