Audugar Matashin Malam

Ni ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. Matar ɗana ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. In kuka ya zo mini, sai ta ajiye alƙalami ta jira.

Malam, mijina, ya rasu ana dab da hawan Arfa, a tsakiyar zafi. Tun da ƙuruciyarmu muka shigo ƙasar nan mai tsarki ta hanyar Sudan, muka zauna a unguwar Ka'akiyya. Shi yana sharar gidajen alhazai a Aziziyya, ni ina dafa musu tuwo. Bai bar wata dukiya ba. Ya dai bar matashin kai guda, na auduga, don har ya koma ga Allah bai yarda ya ɗora kansa a kan soso ba.

Ina cikin takaba, cikin matar ɗana ya tsufa. Sai na ƙudura zan farke matashin in kaɗa audugar, ita kuma ta saƙa wa jaririn hula da kwarashi. Tun da ba zai ga kakansa ba, ya sa kansa inda kakan ya sa nasa.

Kaɗi kuwa na iya, ba yabon kai ba. A garinmu masaƙa har zaɓen zarena suke yi. Na ciro mazarina daga ƙasan adaka, na shiɓe audugar ta yi laushi, na ƙona ƙashin rago na samu allin shafa wa yatsu. Na yi bisimilla na murza.

Zare ya fito kamu ɗaya ya tsinke. Na haɗa, ya sake tsinkewa. Wani wuri ya yi kauri kamar igiya, wani wuri kamar saƙar gizo, duk jikinsa ya yi gashi-gashi. Ga audugar tsohuwa ce, wadda ta lalace ba ta gyaruwa. Kullum tulin da ke faifai raguwa yake yi, mazari kuma bai cika ba. Wata audugar ana iya saya. Wannan in ta ƙare, ta ƙare.

Ɗana ya shigo ya tarar ina share hawaye. Haifaffen nan ne, Hausarsa rabi Larabci.

"Halas, Inna, ki bari haka. Hannunki ne ke rawa. Gobe in sayo miki zare, kowane launi kike so."

Na ce, "A kan zaren kasuwa ubanka ya kwanta?"

Na ɗauki finjalin shayi cike fal na miƙa hannu. Ko ɗigo bai zuba ba. Na ce, "Duba da kyau. Zuciyata ce ke rawa, hannuna lafiyarsa lau."

Tun bayan rasuwar, don tausayi, ɗana ya sa mini sabon mukayyif, injin nan mai sanyaya ɗaki, daidai saitin tabarmata. Rannan injin ya rage sanyi, sai ya buɗe shi zai wanke ragar da ke ciki. Ya zaro ta fara fat, kamar kan tsohuwa. Matarsa ta leƙo, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Inna, ga ɓarawonki mun kama!"

Audugar Malam ce. Ina shiɓa, injin yana zuƙewa.

Nan take wata maganar Malam ta dawo mini. Da muka yada zango a Sudan, ya yi aiki a masaƙar inji don mu samu guzurin hanya. Yakan dawo da auduga a gemu, yana ba ni labarin cewa a can ba a barin iska ta shiga yadda ta ga dama. Ruwa ake fesa mata ta yi laima, a kuma bi da ita ta inda ba za ta bugi zare ba. In ta bushe ko ta yi ƙarfi, sai zare ya yi ta tsinkewa, masu aiki su yi ta guje-guje. Ni kuwa tsiya nake yi masa, ina cewa, "Wane irin inji ne wannan, sai an tarairaye shi kamar amarya?" Ban taɓa kawowa maganar ta shafe ni ba, don a gida cikin ɗakin ƙasa muke kaɗi, kusa da randa.

Na ce a kashe mukayyif.

Ɗana ya ce, "A wannan zafin? Wallahi ba zan kashe ba. So kike mu binne biyu a shekara ɗaya?"

Wannan magana ta sa mu kuka dukanmu. Da muka natsu, ya rage ƙarfin injin, ya ɗaga bakinsa sama. Ni kuma na koma kusurwa, na jiƙa zane na rataye tsakanina da shi. Audugar na naɗe ta a tsumma mai laima ta wuni.

Washegari da hantsi na murza mazari. Zare ya yi ta fita sumul, har hannuna ya kai iyakarsa bai tsinke ba. Na naɗe, na sake ja. Ban tashi ba sai da aka kira azahar.

Wadda injin ya zuƙe ba ta kaɗu ba, ƙura ta cinye ta. Abin da ya saura bai kai yadda na so ba. Matar ɗana ta saƙa, zare ya ƙare hular ba ta sauko kan kunne ba. Ta ce bari ta cike bakin da farin zaren kasuwa, babu mai ganewa. Na ce ni zan gane.

Mace aka haifa. Na fita takaba kafin suna, don haka da hannuna na sa mata hular. Kunnuwanta a waje, mata suna ta tsokana wai kakar ta yi rowar zare. Na bar su suka yi dariyarsu, na sunkuya na shinshini kanta. Ƙamshin turaren Malam yana nan.